Kirtani na Biyar

Duk wanda ya yi karatu a kwalejin nan ya san shagon Baba Tela, ko da kuwa bai taɓa kai ɗinki ba. Yana nan daura da ƙaramar ƙofar kwalejin, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Ɗaki ɗaya ne mai taga guda, keken ɗinki a bakin ƙofa saboda haske, teburin yanka a ƙurya, dutsen guga a kan wani tsohon akwati. Mutumin gajere ne, gajeren gaske, don sai da kafinta ya rage ƙafafun kujerarsa kafin ƙafarsa ta kai matakin keke. Bai taɓa buga ƙwallon kwando ba a rayuwarsa. Sau ɗaya ma ya taɓa riƙe ta, ranar da ta tsallako katanga ta kifar masa da man keke, ya ɗauke ta yana ta faɗa ya wurga, ta bugi katangar ta dawo masa. Amma in ana maganar su wa za su zama biyar na farko a ƙungiyar ƙwallon kwalejin a kakar wasa mai zuwa, babu bakin da ɗalibai ke jira kamar nasa.

Tun yana ƙarami kawunsa ya ɗauke shi koyon ɗinki. Ya daɗe ba a bar shi ya hau keke ba, daga guga sai sa maɓalli, sai riƙe wa kawu bakin abin awo. A nan ya samo abin da ya zama arzikinsa kuma ya zama fitinarsa: in ya auna mutum sau ɗaya, to jikin nan ya zauna a hannunsa ke nan. Suna yana iya mance shi, fuska ma haka, amma faɗin kafaɗa da tsawon hannu, har abada. Da ya buɗe nasa shagon a bakin kwaleji sai ya zama telan dogayen yara, waɗanda wandon kasuwa ke tsaya musu a ƙwauri. Daga nan tsohon kocin ƙungiyar ya ba shi ɗinkin rigunan wasa, aikin ya zauna a hannunsa har tsohon ya yi ritaya wani ya gaje shi.

To ƙungiyar tana da wata al'ada tata. Kowa yana sa shuɗiyar riga, amma biyar na farko, waɗanda ke fara wasa, rigarsu ana kewaye wuyanta da ƙyalle mai ruwan zinari. Ba a sanin masu ita sai ranar buɗe kaka, a tsakiyar fili, gaban jama'a, Koci ya kira su ɗaya bayan ɗaya ya rataya wa kowa tasa. An ce a da can ana rubuta sunaye a kai wa tela, sai wata shekara maganar ta fita tun kafin lokaci, yara suka yi dambe a ɗakin canja kaya. Daga ranar tsohon koci ya rantse ba za a ƙara rubuta suna ba. Sai ya ƙirƙiro dabarar kirtani: ya auna kowane ɗan wasa da igiya siririya, ya ƙulla ƙulli a faɗin kafaɗa, ƙulli a ƙirji, ƙulli a tsawo, ƙulli a tsawon hannu, ƙulli a wuya, ya adana. In hutu ya zo ya zaɓi kirtani biyar ya kai wa tela. Babu suna, babu lamba, igiya ce kawai da ƙulle-ƙulle.

Dabara ce mai kyau, sai dai an kai ta wurin da bai kamata ba. Baba Tela yana jan kirtanin nan tsakanin yatsunsa zai san mai shi, kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta a cikin yara. Yo ba shi ke ɗinka musu riguna da wanduna ba? Da farko shiru ya yi da abinsa. Sai wata rana mai aski maƙwabcinsa, wanda baki ne da shi kamar rediyo, ya cika shagon da hasashe, wane zai shiga, wane zai zauna benci, duk shirme. Baba Tela ya kasa haƙuri. Ya ɗauki alli ya zana fili a kan teburin yanka, ya zazzago gwangwanin maɓallai, ya zaɓi biyar ya jera, ya ce ga su nan. Ranar buɗe kaka aka kira su daidai yadda ya jera, ko ɗaya bai kuskure ba.

Shi ke nan, suna ya tashi. Kowace shekara in hutu ya kusa ƙarewa shagon sai ya cika maƙil, wasu a tsaye, wasu suna leƙe ta taga, ana jiran Baba Tela ya jera maɓallai. Shi kuma ya koyi yadda ake yi wa abin ado. Ya tsinci kalmomin wasan a bakin yara, ya iya ɗaga maɓalli sama ya yi shiru kamar mai zurfin tunani, ya mayar, ya sake ɗauka. Ba wanda ya taɓa kawo kirtani a ransa. Kowa cewa yake Allah ne ya ba mutumin ido.

Matarsa kaɗai ta san gaskiya, kuma ba ta raga masa. "Kai da ko kwandon wanki ba ka iya jefa riga ta faɗa ciki ba," in ji ta, "wai kai ne masanin ƙwallo. Malam, ka ji tsoron ranar da igiyar nan za ta naɗe maka ƙafa."

Sai ya yi dariya ya ce, "Wa na cuta? Abin da zai faru nake faɗa."

Akwai wani yaro a ƙungiyar da ake kira Turke, saboda in ya tsaya ƙarƙashin kwando ba ya gusawa ko an ture shi. Dogo ne, shiru-shiru, mai dogayen hannuwa da ƙaton wuya. Tun shigowarsa yake zaune a benci, don akwai wani ƙato a gabansa da ya riƙe wurin. Ba ya gunaguni. Shi ke fara zuwa atisaye, shi ke tattara ƙwallaye in an tashi. Yakan zo shagon ko ba shi da ɗinki, ya sunkuyar da kai ya shigo don kada ya bugi saman ƙofa, ya zauna kan akwati yana zura wa Baba Tela zare a allura, tun da idon tsohon ya fara gajiya. Bana shekararsa ta ƙarshe, kuma ƙaton nan ya gama ya tafi.

Mahaifin Turke direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a kan hanya. Bai taɓa ganin ɗansa a fili ba. Abin da ya sani kawai, ya tura yaro karatu, yaro ya ɓuge da guje-guje da gajeren wando. In suka haɗu a gida tambayarsa ɗaya ce: "Har yanzu kana zaman dumama musu bencin?" Turke ya taɓa faɗa wa Baba Tela wannan maganar yana murmushi, amma murmushin bai kai ido ba.

Da Koci ya kawo kirtanin bana, Baba Tela ya jira ya fita, ya ja su ɗaya-ɗaya. Huɗu ba wuya. Na biyar kuwa, doguwar igiya, kafaɗa kaza, hannu har gwiwa. Turke! Ransa ya yi fari ƙal. Sai dai da ya zo kan ƙullin wuya ya ɗan tsaya. Ƙullin ya gaza da kamar faɗin yatsa ɗaya. Ya sake ja, ya sake ji. Ya ce a ransa, ai jarrabawa aka gama, yaro ya rame, ko kuwa Koci ne ya matse igiyar. Hannunsa ya gaya masa gaskiya, shi ne ya ƙi saurara, don amsar da yake so ke nan.

Ranar jera maɓallai shagon ya cika har mai aski ya rufe nasa ya zo. Baba Tela ya goge tebur, ya zana fili, ya gyara murya.

"Wannan ƙaramin fari," ya ajiye shi a tsakiya, "Ɗan Sanda ne. Shi zai riƙa rabon ƙwallo, shi zai ba kowa hannu kamar yana kan mararraba. In ya rage surutu da alƙalin wasa, ba mu da matsala." Aka bushe da dariya. "Wannan ja, Hagu ne, a gefe, aikinsa harbi daga nesa, kada wanda ya tambaye shi tsaro, ba gadonsa ba ne. Tsaro na Kaska ne, ga shi nan, duk wanda ya fi iya wasa a cikin abokan hamayya a manna masa shi har a tashi. Jirgi a nan, ya yi ta tsalle, abin da ya iya ke nan."

Saura ɗaya. Ya zura hannu cikin gwangwani ya daɗe yana lalube, ya fito da wani ƙaton baƙin maɓalli na tsohuwar kwat. Ya ɗaga shi sama, ya kalli rufi.

"Haba Baba, ka kashe mu da jira!" wani ya ce ta taga.

Ya dangwara shi ƙarƙashin kwando. "Turke."

Shagon ya kaure da ihu, ana ta dukan bayan yaron. Da kowa ya watse Turke ya tsaya, yana jujjuya baƙin maɓallin a tafin hannunsa.

"Baba, da gaske?"

"Ka taɓa jin na faɗa ta faɗi ƙasa?"

Yaron ya ajiye maɓallin a kan tebur. Ya ciro waya nan take, a tsaye a tsakiyar shagon, ya kira mahaifinsa. Baba Tela yana jin ƙarar inji ta cikin wayar. "Baba, ranar buɗe kaka ina so ka zo. Za a rataya mini riga a gaban jama'a. Eh, ni. Biyar na farko." Muryar can ta ce wani abu gajere. Turke ya sauke wayar. "Ya ce zai zo. Ya ce ko da lodi a mota zai ajiye."

Wallahi ranar Baba Tela ji ya yi kamar ya ƙara tsawo. Ya ɗinka rigar ta biyar da kulawar da bai ba sauran ba, ya ninka ɗinkin hammata, ya goge wuyan zinarin har yana ƙyalli.

Aka dawo hutu, sababbin ɗalibai suka cika titi. Wata safiya yana kan keke sai hasken ƙofa ya dushe. Ya ɗaga kai, ga wani dogon yaro da bai taɓa gani ba, ya sunkuyo yana sallama, da wando a hannu, wai a sauke masa ƙafa. An yi masa canjin makaranta ne daga wata kwaleji, in ji shi, Koci ne ya je har can ya gan shi tun kafin hutu. Baba Tela ya hau kan akwati ya fara awo kamar kullum. Tsawo. Kafaɗa. Hannu har gwiwa. Duk daidai da na kirtanin nan na biyar. Ba wanda ya sa shi, wando aka kawo ba riga ba, amma ya kai abin awon wuyan yaron. Siririn wuya ne, ya gaza na Turke da faɗin yatsa ɗaya.

"Baba, lafiya?" in ji yaron, ganin tsohon ya yi sakare a kan akwati.

"Lafiya lau. Koci ya taɓa auna ka da wata igiya?"

"Eh, ranar da ya zo. Har na yi ta mamaki."

Ranar ko abinci bai iya ci ba. Matarsa ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Igiyar ce?" Ya gyaɗa kai, ya ba ta labari. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Cewa ta yi, "Gobe da safe ka nemi yaron nan ka gaya masa. Ya kira ubansa ya ce kada ya zo. Kunya ce, amma ta cikin ɗaki ce."

"In na gaya masa sai ya tambaye ni yadda na sani."

"Sai ka gaya masa yadda ka sani."

"Koci ya ji, ya karɓe ɗinkin. Yara su mai da ni abin dariya."

"To zaɓi," in ji ta, ta ɗauke kwanon.

Ya yi niyya, wannan kam ba za a ɗauke masa ba. Washegari ya rufe shago ya shiga har filin wasa. Ya tarar da Turke shi kaɗai, rana ba ta yi zafi ba amma rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana jefa ƙwallo a allon kwando yana cafewa, yana jefawa yana cafewa. Da ya hango tsohon ya washe baki ya ɗaga hannu, ya ce, "Ba zan ba ka kunya ba, Baba!" Baba Tela ya ɗaga nasa hannun, ya juya ya koma shago, yana ce wa kansa ba a katse wa mutum atisaye, gobe ma rana ce. Goben ta zo, aiki ya yi yawa. Wata goben kuma aka yi ruwa.

Ya gwada ta wajen Koci. Da ya zo karɓar riguna, Baba Tela ya yi ta kame-kame, ya ce ƙyallen zinari ya ragu, ko a ɗinka ta shida, don ko-ta-kwana? Koci ya kwashe da dariya. "Mutum biyar ake shiga da su, Baba, ko an canja doka ban ji ba? Af, na ji an ce ka jera maɓallanka. Ban tambayi abin da ka ce ba, ba na so in sani. Bana dai za mu gani ko za ka ci." Ya saɓa rigunan a kafaɗa ya fita yana fito.

Abin da ya fi muni ya zo ana saura kaɗan a buɗe kaka. Turke ya shigo da yamma, ya zauna kan akwati, bai ɗauki allura ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Baba, sabon yaron nan. A atisaye Koci shi yake haɗawa da su Ɗan Sanda. Ni yana sa ni a ɗaya ɓangaren. Kullum." Ya ɗago. "Yara suna cewa gwada shi kawai yake yi, tun da kai ka riga ka faɗa. Ni ma abin da na ce ke nan. Amma na ce bari in zo in ji daga bakinka. Maganar tana nan?"

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Yaron da kansa ya kawo tambayar, ba kowa a shagon, mai aski ma ya tafi salla. Kalma ɗaya ce ta rage. Baba Tela ya sunkuya kan keke yana gyara zaren da ba abin da ya same shi, ya ce, "Me na ce maka ranar nan?"

"Ka ce ni ne."

"To."

Kash! Wannan "to" ɗin ita ce mafi ƙanƙantar kalmar da ya taɓa furtawa, ita ce kuma mafi nauyi. Turke ya sauke ajiyar zuciya, ya yi dariya, ya ce shi ma shaiɗan ne ke masa wasa da hankali. Ya ɗauki allura ya zura zare ya miƙa. Baba Tela ya karɓa bai iya kallon fuskarsa ba.

Ranar buɗe kaka, da hantsi, wata babbar mota ta tsaya can gefen titi, ta tare rabin hasken layin. Wani mutum ya sauko, kakkaura, mai furfura a gemu, sanye da sabuwar riga da ko layin ninkinta bai baje ba. Ya tambayi mai gyaran waya, aka nuna masa. Ya yi sallama a ƙofar shagon. Ko bai faɗa ba, wuyan nan kaɗai ya isa shaida.

"Kai ne Tela? Ni ne mahaifin wanda kuke ce wa Turke." Ya miƙo hannu, sannan ya ciro wani abu a naɗe cikin takarda. Sabon almakashi ne, babba, mai baƙar mariƙa. "Na gan shi a hanya na ce ya dace da kai. Yaron nan ba ya magana, amma in ya yi, sunanka ne. Ni ban san komai a wasan nan ba, gaskiya ma na sha yi masa gori. Amma tun da aka haife shi bai taɓa cewa Baba zo ka gan ni ba, sai wannan karon. Na ba wani lodina na taho." Ya yi murmushi. "Tare za mu zauna, ka riƙa yi mini bayani."

Baba Tela ya riƙe almakashin kamar an ɗora masa garwashi. Ko a lokacin da sauran dama. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa an gode, Allah ya saka.

Filin ya cika, ɗalibai har kan katanga. Da aka ga Baba Tela aka buɗa masa hanya, ana kiran "Mai maɓalli! Mai maɓalli!", aka zaunar da su a layin gaba shi da baƙonsa. 'Yan wasa suka jeru cikin shuɗi. Koci ya fito da riguna biyar a hannu, wuyansu na ƙyalli a rana. Ya kira Ɗan Sanda, aka yi tafi. Hagu. Kaska. Jirgi. Kowane suna aka kira sai yara su juyo su yi wa Baba Tela kirari. Saura ɗaya. Direban ya gyara zama, ya dafa gwiwa zai miƙe. Can cikin layi Turke ya riga ya ɗaga ƙafa ɗaya.

Koci ya kira sabon yaron.

Turke ya mai da ƙafarsa. Abin da ya yi ke nan kawai, ya mai da ƙafarsa, ya tafa hannu sau biyu kamar kowa, ya bi sauran zuwa benci. Tafin jama'a ya fito a rarrabe, kawuna suna juyowa layin gaba. Direban ya tsaya rabi a tsaye rabi a zaune. Sannan ya miƙe gaba ɗaya, ya kakkaɓe sabuwar rigarsa, fuskarsa ta haɗe.

"Ashe ƙarya ya yi mini," ya ce, ba da ƙarfi ba. "Ya sa na ajiye aikina na zo in ga yadda ake zaman benci."

Ya juya zai tafi. Baba Tela bai san lokacin da ya cafke hannun rigarsa ba. Sai da ya hau kan bencin da suke zaune kafin bakinsa ya kai kunnen mutumin, kuma saboda hayaniya dole ya ɗaga murya, har na kusa duka suka ji.

"Bai yi maka ƙarya ba! Ni na gaya masa. Ni ban san ƙwallo ba, ban taɓa sani ba. Igiyar awon da Koci ke kawo mini nake shafawa in gane mai ita, shi ke nan duk sirrin. Bana na ɗauki ta wani na ce tasa ce."

Mai aski, da ke bayansu, ya saki baki. Wani yaro ya ce, "Tabɗi!" Maganar ta fara tafiya daga layi zuwa layi. Direban bai kula su ba. Ya dubi gajeren mutumin da ke tsaye kan benci riƙe da rigarsa.

"Kuskure ne, kowa na yi," ya ce. "Yau ka gane?"

Da Baba Tela ya ce eh, da an wuce wurin. Ya girgiza kai. "Na daɗe da ganewa."

"Shi ya sani?"

"Ya ga alama a atisaye. Ya zo ya tambaye ni. Na bar shi a kan maganata."

Direban ya daɗe yana kallonsa. Ba tsawa, ba zagi, da ma ya zage shi da ya fi sauƙi. A hankali ya zare hannun rigarsa daga yatsun tela.

"Ya ga abu da idonsa, ya ƙaryata idonsa saboda kai," ya ce. "Ni da na haife shi ban taɓa samun wannan a wurinsa ba. Kai ka samu, ga abin da ka yi da shi."

Ya koma ya zauna. Bai tafi ba. Aka busa usur aka fara wasa, bai tambayi bayanin komai ba, bai ma kalli ƙwallon ba. Benci yake kallo, inda ɗansa ke zaune da shuɗiyar riga mara ado, yana miƙa wa masu fitowa ruwa, yana tashi yana yi wa sabon yaron tafi in ya ci. Can wajen ƙarshe sabon yaron ya gaji, Koci ya yi wa Turke alama. Ya shiga ya tsaya ƙarƙashin kwando, aka ture shi bai gusa ba, ya cafe ƙwallo daga allo sau biyu ko uku. Direban ya miƙe tsaye shi kaɗai a layin, ya ɗaga hannuwa biyu, ya kira ɗansa da sunan da ake kiransa a gida, da muryar da ta saba ƙetare ƙarar inji. Turke ya juyo ya ga mahaifinsa. Idonsa ya sauka kan wanda ke gefe, ya ɗauke kai.

Koci bai karɓe ɗinkin ba. Ya dai zo ya tsaya a ƙofa ya ce daga yanzu riguna biyar ɗin duk girma ɗaya za a yi su, babba, kowa ya sa haka nan. Yara suka yi ta tsokana na ɗan lokaci, in sun wuce su ce, "Baba, a shafa mana igiya mu ji ko za mu ci jarrabawa," sannan suka mance. Mai aski ya dawo da hasashensa, ba mai yi masa gardama. Almakashin nan yana rataye a ƙusa cikin takardarsa, matarsa ta ce ya yi amfani da shi ko ya bayar, ya kasa yin ko ɗaya. Allura kuwa yanzu sai ya fita bakin ƙofa ya daɗe yana fama kafin zare ya shiga.

Turke bai yi masa rashin kunya ba ko sau ɗaya. In sun haɗu yana gaishe shi, "Ina wuni, Baba," ya wuce. Shagon ne dai bai ƙara sunkuyowa ya shiga ba. Wata rana da yamma, kaka ta yi nisa, Baba Tela yana bakin ƙofa da allura a hannu sai ya hango shi a ɗaya gefen titi, da jaka a kafaɗa, sanye da sabon wando. Ɗinkin wani ne. Ƙafar hagu ta fi ta dama tsawo, tana jan ƙasa, bakin ya riga ya fara cin ƙura. Aikin da ba zai ɗauke shi komai ba, ya warware ya sake ninkewa, ko awo ba ya bukata, tsawon ƙafar nan yana hannunsa.

Ya ɗaga hannu, ya buɗe baki zai kira shi. Sai ya tuna abin da bakin nan ya faɗa wa yaron na ƙarshe. Ya sauke hannun, ya tsaya yana kallon bakin wandon yana jan ƙasa har yaron ya shige ƙaramar ƙofa.